Hannun Luba Mai Kitso

A Tsafe, idan mace ta shiga gidan biki da sabon kitso, ba a cika tambayarta wa ya yi mata ba. Sai dai wata ta ɗaga gefen ɗankwalinta ta dubi tsagar, in ta ga ta miƙe santal kamar an ja ta da zare, ta ce hannun Luba ne. Shekara talatin da 'yan kai Luba ta yi tana kitso a garin, har ta kai ga yi wa jikokin matan da ta fara da su.

Asalinta 'yar Kucheri ce, ɗiyar manomi. Tana da shekara takwas ake tura ta kai abinci gona, in ta ajiye ƙwaryar sai ta shige cikin masara ta ɓace. Wata rana gwaggonta, wadda ita ce makitsiyar ƙauyen, ta ratsa gonar ta tarar da goyon masara bakwai a jere, kowanne an kitse masa gemu tsaf. Ta tambayi mai wannan aiki, aka nuna mata Luba, wadda tuni ta fara kuka don ta ɗauka duka za ta sha. Washegari gwaggon ta aika aka kira ta, ta zaunar da ita a gefenta, ta miƙa mata kibiyar tsaga.

Aure ne ya kawo ta Tsafe, gidan Sahabi, mutum mai sanyin hali wanda yake noma da damina, da rani kuma ya kasa rake da dankali a bakin titin Gusau zuwa Funtuwa. Akwai dogonyaro a tsakar gidan, a gindinsa Luba ta kafa kujerarta 'yar tsugunno, kuma a nan ta kusan ƙarar da ƙuruciyarta. Mace za ta zo ta shimfiɗa zane, ta ɗora kai a cinyarta, sau da yawa kafin a kai rabi barci ya kwashe ta. Abin da aka san ta da shi ke nan: hannu mai sanyi. Kitsonta yana kamawa, yana yin wata guda bai tsufa ba, amma ba ya ja wa mace fatar goshi, ba ya hana ta sujada. Ba ta ma kallon gashin sosai. Idonta yana kan tukunya ko kan yaran da ke wasa kusa da rijiya, bakinta yana hira, yatsun suna aikinsu su kaɗai. Shuku ne, kalaba ce, ko dokar da tsofaffi suke so, duk yatsun sun san hanya.

Kitson kuma ba shi ya ɗauke mata sauran aikin gida ba. Ita ce surfe, ita ce daka, ita ce jan guga da matsar wanki. In Salla ta matso, tun bayan asuba ake sallama a ƙofar gida, ba ta miƙewa daga kujerar sai don salla, har magariba ta rufa. Akwai shekarar da ta yi kai goma sha ɗaya a ranar jajibere, ta tashi yatsunta sun ƙage kamar ƙafar kaza, ta tsoma su a ruwan ɗumi ta yi dariya.

Cikin matan da take yi wa kitso akwai guda da ba ta zuwa gindin dogonyaro, ita Luba ke bin ta har gida. Hajiya Nana ce, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar firamare a Tsafe kafin ta yi ritaya ta koma gidansu na gado a Gusau. Mace ce mai tsananin zafin kai, in an taɓa gashinta da ƙarfi sai ta kwana biyu da ciwon kai, ga ta kuma da faɗar gaskiya ba ƙunshe-ƙunshe. Ta gwada makitsan Gusau ɗaya bayan ɗaya ta sallame su. Don haka duk bayan mako uku Luba takan shiga motar Gusau da safe, ta yi mata kitso, su ci abinci a kwano ɗaya, ta dawo kafin la'asar. Shekara goma sha tara suna haka.

Ciwon ya fara ne a shekarar da ta aurar da babbar ɗiyarta Aziza zuwa Bungudu. Takan farka gabanin kiran asuba ta ji hannun dama ya mutu, kamar ta kwanta a kansa. Daga nan sai ya shiga tsira, kamar an zuba mata tururuwa a ƙarƙashin fata. In ta yarfe shi sau biyu sau uku, sai ya dawo. Ta lura da wani abu da ya ba ta mamaki, amma ba ta faɗa wa kowa ba: yatsu uku ne suke mutuwa, babban yatsa da manuni da na tsakiya. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau, ko yaushe.

Sahabi ya ce sanyi ne, ya sayo man zafi. Da bai yi ba, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a kafaɗa. Mai kemis ya ba ta ƙwayoyi, suka rage zugin suka tayar mata da gyambon ciki, ta watsar. Abu ɗaya ta roƙi mijinta, kada ya bari maganar ta fita. Makitsiya mai ciwon hannu, in ji ta, daidai take da mai tallar nono a fasasshiyar ƙwarya, kowa ya gani zai wuce.

Haka aka ci shekara biyu, abin yana ƙaruwa a hankali. Ya daina jiran barci, ya fara zuwa mata tana tsakiyar aiki. Sai ta ce bari ta duba tukunya, ta shiga madafa ta yarfe hannu ta dawo. Kibiya ta fara suɓuce mata. Kofin shayi ya faɗi sau biyu. Allura in ta faɗi ƙasa ba ta iya tsince ta. In tana jan carbi, sai ta duba da ido ta tabbatar ƙwayar ta wuce, don yatsan ba ya shaida mata. Ranar da Sahabi ya tauna tsakuwa a shinkafa, ya tofar a hankali ya ci gaba da ci, ita ce ranar da ta fara jin tsoro, domin tun tana yarinya ba a taɓa samun tsakuwa a tsintarta ba. Ga na hagu ma ya fara bin sahu.

Abin da ya fi damunta shi ne gashi. Da, da zarar ta kama sili uku ta san kaurin kowanne, ta san inda za ta ja da inda za ta sassauta. Yanzu ji take kamar ta sa safar hannu. Sai ta koma kitso da ido, tana sunkuyawa, tana yin shiru. Mata suka ce Luba ta rage hira, ko girma ne ya zo.

Asirin ya tonu ne a bikin Muzdalifa, ɗiyar maƙwabciyarta Hadiza. Yarinyar a bayan Luba ta girma, kuma tun ba a sa rana ba take cewa ƙananan kitso take so, irin siraran nan da sukan kai sittin. Luba ta so ta ce a yi manya, kunya ta hana ta. Ta fara da hantsi ba ta gama ba sai bayan la'asar, aikin da a da take gamawa kafin azahar. A ido ya yi kyau, kowa ya yaba.

Kwana biyu bayan haka, ranar kai amarya, Luba ta shiga ɗakin don ta yi mata faɗan da iyaye suke yi. Ta kai hannu ta gyara mata mayafi, sai idonta ya faɗa kan goshin. Tsagar ba tata ba ce. Muzdalifa ta sunkuyar da kai. Hadiza ta ja Luba gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce layukan gaba ne suka kumbura suka fara warwarewa tun jiya, ga dangin ango za su duba, shi ya sa ta kira wata makitsiya, Lantana, da sassafe ta gyara, ba ta so ta tayar mata da hankali. Luba ta ce ai ta kyauta. Ta yi wa amarya addu'a, ta fito, ta bi ta bayan gida ta koma nata. Ba ta raka amarya ba.

Lantana baƙuwa ce a unguwar. Daga wani ƙauye na yankin Magami ta zo da 'ya'yanta huɗu, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta sun tashi garin. Ba ta da gona ba ta da jari, sai kitso, kuma hannunta da sauri. Bayan bikin nan, mata suka fara karkata wajenta ɗaya bayan ɗaya, wasu har sukan zagaya ta wani lungu don kada su wuce ƙofar Luba da sabon kai.

Yayar Sahabi ta zo ta zauna, ta sa aka faɗa mata gaskiya, ta dubi hannun ta girgiza kai. Ta ce a yi lissafi mana: yaushe matar nan ta zo garin, yaushe hannu ya fara mutuwa? Ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu ne aka sa. Luba ta ce a'uzubillahi, ta ce ita ba ta zargin kowa. Amma maganar ta sami wurin zama a zuciyarta. Daga ranar, in sun haɗu da Lantana a gidan suna, sai ta amsa gaisuwa a taƙaice ta kau da kai.

A daidai lokacin ne aka rufe layukan waya a jihar saboda rashin tsaro, hanya kuma ta yi muni, Sahabi ya hana ta zuwa Gusau. Ta ji daɗin hanin a ɓoye. Wata uku ba ta ga Hajiya Nana ba. Da abubuwa suka ɗan lafa, Hajiyar ta aiko direban motar haya da saƙo cewa kanta ya zama sheƙar tsuntsu, in Luba tana raye ta zo.

Ta tafi. Tun kafin su kai dutsen Kwatarkwashi hannun da ta riƙe jaka da shi ya mutu, ta mayar da jakar cinya. A gidan Hajiya aka gaisa, aka jajanta wa juna halin da ake ciki, aka shimfiɗa darduma a baranda. Luba ta tsefe tsohon kitson, ta shafa mai, ta tsaga, ta fara. Ta yi layi ɗaya, ta yi na biyu. Tana cikin na uku Hajiya Nana ta ɗago kai daga cinyarta ta zauna.

"Luba, wanga ba hannunki ba ne. Nan kin ja kamar za ki cire mini fata, nan kuma kin saki. Mi ya same ki?"

Luba ta ce gajiyar hanya ce. Hajiyar ba ta ko saurare ta ba, ta kama hannayenta biyu ta juya tafukan sama, ta jera su a kan gwiwarta kamar mai duba littafin ɗalibi. A gindin babban yatsan hagu akwai tudun nama, kamar na kowa. A na dama wurin ya lotsa, ya zama kwari. Luba kanta ba ta taɓa jera su ta duba haka ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan, Hajiya."

Daga nan sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko a gaban mijinta. Ta faɗi komai, har da kitson amarya, har da abin da yayar Sahabi ta ce. Hajiya Nana ta bar ta ta gama. Sannan ta ce ita dai ba likita ba ce, amma ƙaninta da ya yi shekara ashirin yana buga keken rubutu a sakatariya ya yi irin wannan, har biro ya gagare shi riƙewa, kuma babu wanda ya yi masa asiri sai keken. Ta ce yau a nan za ta kwana. Ta ɗaura ɗankwali a kan kitson da aka yi rabi, ta kira Sahabi a waya da kanta, ta gaya masa, ba shawara ta nema ba.

Washegari suka tafi asibiti. Sun daɗe a kan benci kafin a kira su wurin likitan ƙashi, wani siririn mutum mai furfura a gemu. Ya tambaye ta sana'arta da shekarunta, ya sa ta haɗa bayan hannayenta biyu ta lanƙwashe su ƙasa. Ba a yi minti ɗaya ba tururuwar ta taso. Ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannunta da yatsa, ta ji abu ya tsarga har ƙarshen yatsunta kamar ta taɓa wayar lantarki. Sai ya kama ƙaramin yatsanta ya ce, "Wannan dai bai taɓa mutuwa ba, ko Inna?"

Luba ta dube shi baki buɗe. Abin da ta riƙe a ranta shekara uku ke nan, ga wani baƙo ya faɗa kamar yana karantawa.

Ya yi mata bayani da Hausa mai sauƙi. Ya ce a wuyan hannu akwai wani ɗan matsattsen lungu, ƙashi ta ƙasa, wata aba mai tauri kamar ɗamara ta sama. Ta nan igiyoyin da suke lanƙwasa yatsu suke bi, tare da jijiya guda da take kai ji zuwa yatsun nan uku da gefen na huɗu. Ya ce ta ɗauka lungu ne da jakuna tara suke bi tare da mutum ɗaya, in jakunan suka yi kaya suka kumbura, wa za a matse da bango? Ƙaramin yatsa kuwa jijiyarsa daban ce, ba ta bin lungun, shi ya sa ya tsira. Ya ce yakan gan shi wurin masu ɗinkin hula, da masu matsar ƙuli, da mahauta, kuma ya fi kama mata masu irin shekarunta. Wani lokaci ciwon suga ne yake taimaka masa, don haka za a auna jininta.

Jinin ya fito lafiya. Na hagu, in ji likitan, bai yi nisa ba, za a ba ta wani abin ɗauri mai ƙarfe a ciki da za ta riƙa sawa in za ta kwanta, don kada hannun ya lanƙwashe, kuma ta rage aiki. Na dama kuwa jijiyar ta daɗe a matse har naman ya fara zubewa. Sai an yi aiki, a tsaga ɗamarar nan a buɗe mata hanya.

Luba ta tambayi abu ɗaya, ko za ta koma kitso kamar da. Likitan bai yi mata alkawarin ƙarya ba. Ya ce zugin da tsirar za su tafi in Allah ya so, ji zai dawo a hankali, amma ƙarfin babban yatsa ba lalle ya dawo duka ba. Da ta zo shekara biyu da suka wuce, da magana ta bambanta. In kuma ta bari, abin da ya rage ma zai tafi.

Ta koma Tsafe da abin ɗaurin a jaka da maganar a ciki. Sahabi ya tsorata da jin za a sa wuƙa. Yayarsa ta ce ta san wadda aka yi wa aiki a hannu ya shanye gaba ɗaya, ko da yake da aka tambaye ta wace ce, ta kasa kawo suna. Luba ta ce bari a ga bayan Salla. Bayan Salla ta ce bari a ga kaka. Hajiya Nana ta yi ta aike har ta yi fushi ta daina.

Ana haka Aziza ta haihu, ɗa namiji, Luba ta tafi Bungudu zaman jego. Rana ta uku da safe ta zauna yi wa jaririn wanka, aikin da ta yi wa 'ya'yanta da 'ya'yan maƙwabta ba adadi. Ta saɓe shi da sabulu, ta tallafo ƙeyarsa da hannun dama za ta juya shi, sai babban yatsan ya saki. Ba ta ma ji ya saki ba. Gani kawai ta yi yaron ya sulale cikin baho, fuskarsa ta nutse. Ta cafo shi da hagu nan take, ya tsanyara kuka, ya yi atishawa biyu, shi ke nan, babu abin da ya same shi. Aziza tana ɗaki ba ta ga komai ba. Luba ta naɗe shi a tawul, ta rungume shi. Sannan ta kira uwar mijin Aziza ta ce daga yau ita za ta riƙa wankan.

Bayan suna da kwana biyu ta kira Sahabi ta ce ya zo su tafi Gusau. Da ya ji dalili bai ƙara musu ba. Ya sayar da tunkiyarsa guda ya taho.

Aikin bai kai yadda ta zata ba. Ba a ma sa ta barci ba. Allura aka yi mata a hannun ya mutu, aka kare da ƙyalle don kada ta gani, tana jin likitan yana tambayar ma'aikaciyar jinya labarin farashin masara. Ita kuwa tana ta salati. Kafin ta ankara aka ce an gama, aka naɗe hannun da bandeji ya yi kamar dundu. Hajiya Nana tana waje a kan benci tare da Sahabi, da kwanon abinci a gefenta, fushin ya wuce. Ranar aka sallame ta.

A Bungudu ta yi jinya, don ya fi kusa da asibiti. Abin da ta fara lura da shi, tun a makon farko, shi ne barci. Shekara huɗu rabonta da ta kwanta ta tashi ba hannu ne ya tashe ta ba. Amma zaman ya yi mata wuya. Matar da ba ta taɓa wuni hannu sake ba, ga ta ana zuba mata ruwan alwala, ana ɗaura mata zane. Aziza takan kama ta tana murza gezar mayafi da yatsun hagu, tana tufka ba ta sani ba. Bayan mako biyu aka cire zare, aka bar ɗan tabo a gindin tafin hannu, bai kai tsawon ashana ba. Aka koya mata motsa yatsu, ta taɓa kowanne da babban yatsa, safe da yamma. Wurin tabon ya yi wata biyu yana mata tsami in ta dafa ƙasa. Ji ya dawo sannu a hankali, na tsakiya ya riga, manuni ya biyo. Kan babban yatsa ya ɗauki kusan shekara, kuma kwarin nan na gindinsa bai cika ba har yau.

Da ta koma Tsafe mata suka yi ta zuwa sannu, don yanzu babu sauran abin ɓoyewa. A cikinsu har da Lantana, wadda ta zo da yamma bayan mutane sun ragu, da ɗan ƙullin gyaɗa a hannu. Ta zauna a bakin tabarma, a ɗarare. Suka gaisa, hira ta ƙi tafiya. Can Lantana ta dubi tabon, ta yi tambaya cikin jin nauyi, wai da abin ya fara, ya take ji? Luba ta faɗa mata. Lantana ta ce ita ma kusan wata biyar ke nan hannu yake tashinta daga barci, kuma ba ta gaya wa kowa ba, don in mata suka ji, da me za ta ciyar da marayu?

Luba ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta matso, ta sa ta haɗa bayan hannayenta ta lanƙwashe, kamar yadda aka yi mata. Ba a jima ba Lantana ta ware su tana cije leɓe. Luba ta duba gindin yatsunta, naman yana nan bai taɓu ba. Ta ce mata ta gode wa Allah, nata da sauran gyara ba sai an yanka ba, in ta yi sauri. Sannan ta ce, "Lantana, ki yafe mini. Na zarge ki a raina da abin da ba ki ji ba ba ki gani ba."

Lantana ta ce ta sani. Ta ce tun ranar da gaisuwa ta canza ta gane, kuma ta kwana tana kuka a kan gyaran kan amaryar nan, don ba ta so ta taɓa aikin babba ba, uwar ce ta matsa. Suka yafi juna a nan.

Luba ta koma kitso bayan wata huɗu, amma ba irin na da ba. Kai uku take yi a rana, manya, tana hutawa tsakani, ta miƙe yatsu ta sha ruwa. Siraran nan ta bar su har abada, duk wadda ta zo nema takan ce ta je wurin Lantana, amma kada ta je mata da yamma, ta bar ta ta huta. Daka da surfe sun koma inji. Sahabi ya sa wa rijiya ƙarfen jan guga, kuma shi yake ja kafin ya fita, abin da ya jawo masa tsokana a bakin titi, yana amsawa da murmushi. Abin da take samu ya ragu ƙwarai, wannan ba ta ɓoye shi. Akwai ranakun da takan ga kai mai cika da santsi ya wuce, yatsunta su motsa, ta san abin da za ta iya fitarwa a kansa a da, ta kau da ido.

Lantana ta je asibitin sau ɗaya, Luba ce ta raka ta. An ba ta abin ɗauri, tana sawa, ta ce ta sami sauƙi. Rage aikin ne ya gagara. Ta ce bayan Salla za ta rage, Salla biyu sun wuce tun daga nan, kuma Luba ba ta iya yi mata faɗa da ƙarfi don ta san bakuna nawa suke jiran hannun.

Yanzu a unguwar, in mace ta ce hannunta yana mutuwa, wurin Luba ake fara tura ta. Ba ta ba da magani. Takan duba gindin yatsan, ta tambayi waɗanne yatsu ne, ta faɗi abin da ya same ta da shekarun da ta ɓata. Wasu su ji, wasu su ce sanyi ne su tafi neman man zafi. A watan jiya wata mai ƙuli-ƙuli daga Kucheri ta zo, dattijuwa da ba ta taɓa shiga asibitin birni ba, tana tsoron ta ɓace a cikinsa. Luba ta ɗage kitson da ta yi alkawari ranar Talata, ta yafa mayafi, suka shiga motar Gusau tare.